Marini da Baƙin Tsuntsu

Tun da na dawo daga ƙasar Benin ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ta Kwamba ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Malam Shu'aibu, wai da gaske tsuntsu ka je kallo har Kwatano?" Emeka mai kayan lantarki ma ya leƙo daga shagonsa ya ce, "Oga Malam, tsuntsu ya ƙare for Suleja ne?" Na ba da labarin gutsi-gutsi har bakina ya gaji, kowa ya ɗauki gutsurensa ya ƙara masa gishiri. Jiya na ji an ce wai aljani muka gani. To ga shi a rubuce, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, ni marini ne. Mahaifina yana da karofi, wato ramukan rini, a Zariya, ni kuwa na sauko Suleja tun ina saurayi na kafa durom a bayan gida, ina rina shadda da yadi da kayan ma'aikatan Abuja da suka koɗe. 'Yata ta fari sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa Uwani nake ce mata. Da ta ce karatun dabbobi za ta yi a jami'a na yi murna, na ce gobe ga likitar shanu a gidana. Ashe tsuntsaye ta bi. Kuma ba kaji ba, ba zabi ba, 'yan tsuntsayen bakin ruwa da ko ka yanka goma ba za su rufe gindin tukunya ba. Abokina Alhaji Tanimu yana da makaranta a hanyar Madalla, ya ce ya ajiye mata gurbin koyarwa zuwa ƙarshen wata. Ana cikin haka saƙo ya zo mata cewa ana ƙidayar tsuntsaye a gaɓar tekun Benin, ana gayyatarta, kuma in ta yi abin kirki za a ɗauke ta aikin gaba ɗaya.

Na ce mata, "Ba za ki tsallaka ƙasa ke kaɗai ba. Ni zan raka ki. In na ga aiki ne, na ƙyale ki. In na ga yawo ne, muna dawowa kina ajin Alhaji Tanimu da alli a hannu."

Ta ce, "Na yarda, Baba."

Gaskiya ban yi mata adalci ba, don tun kafin mu hau mota na riga na yanke hukuncina. Raka ta zan yi, ta ga teku, ta dawo ta kama alli.

Mun shiga motar safe a Zuba. Ba mu kai Gwagwalada ba wani mai kwat ya miƙe a tsakiyar mota ya fara tallan magani ɗaya da ke warkar da basir da hawan jini da mantuwa. Wata mata a gefena ta sayi kwalba biyu, a Lakwaja ta sauka ta manta su a kujera. A Legas muka kwana wurin ƙanin matata da ke sayar da goro a Agege. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya dube ni, ya dubi Uwani, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," irin addu'ar da ake yi wa wanda ba a son a ɓata masa rai.

A iyakar Seme hannuna ne ya tsayar da mu. Kun san hannun marini: baƙi-shuɗi har wuyan hannu, farce kamar an tsoma a tawada. Matar da ke duba katin rigakafi ta kalli hannun, ta ja baya, ta sa safar roba. Da muka je wurin na'urar ɗaukar yatsa kuma, na dangwala, na sake dangwalawa, na goge a riga na dangwala, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Soda ta cinye zanen yatsuna tuntuni ban sani ba. Layi ya taru a bayana, ana ta tsaki da yare uku. Uwani ce ta yi musu bayani da Turanci, ta nuna musu hotunan shaddar da na rina a wayarta. Jami'in da ke kan na'urar ya daɗe yana kallo, sannan ya sassauta murya ya tambaye ta ko babanta zai iya dawo masa da wani kaftani da ya koɗe. Da ɗan yatsan ƙarshe na hagu aka samu abin da ake nema.

Kwatano gari ne na babura. 'Yan acaɓarsu duk rawayar riga, kuma mata da kansu suke tuƙa nasu, da ɗaurin kai da kwando a baya, ba wanda ya juya ya kalle su. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi, har na ɗauka man gyaɗa ne. Burodinsu dogo ne siriri, mai tauri, mutum ya saƙala shi a hammata kamar makiyayi da sandarsa. Da rana ta take sai ka ga an rufe shaguna da ofisoshi an tafi hutawa. Na ce a kasuwar Suleja ka rufe shago da azahar, kafin ka dawo maƙwabcinka ya gaje maka masu ciniki har da 'ya'yansu. A unguwar Zango muka ci tuwo da miyar kuka, na ji Hausa mai ƙamshin Zabarmanci, hankalina ya ɗan kwanta.

Masaukinmu wani ƙauye ne gaba da Wida, tsakanin teku da wani babban tafki mai haɗe da ita. Ruwan wankansu da gishiri-gishiri, sabulu ba ya kumfa. Abinci kuwa kafa ce a ganye da kifi da barkono, sai ƙaguwa da aka ɗora min a faranti tana kallona da ƙafafunta duka. Na tura wa Uwani, na ce ni da abin da ke tafiya a karkace ba ma shiri. Muna cikin ci sai ga mesa tana ratsa tsakar gida. Na yi wuf na rarumo taɓarya. Mai masaukin, wata dattijuwa mai ƙiba, ta kurma ihu, amma ni take yi wa, ba macijiyar ba. Ta zo da zane ta ɗauke ta a hankali tana yi mata magana, ta kai ta bayan shinge ta ajiye. A can ba a taɓa mesa, girmama ta ake yi. Na tuna ranar da aka ga ɗan ƙaramin maciji a layinmu, har masu keke suka ajiye fasinja suka zo da sanduna.

Da la'asar na ga teku. Ba zan yi muku ƙarya ba, ban taɓa ganin ruwa irinsa ba. Na saba da kogin Gurara, na san inda ruwa ya faro da inda ya nufa, na san akwai tsallake. Wannan ba shi da tsallake. Yana tasowa ya faɗi, ya tashi ya faɗi, ba wanda yake tura shi. Aka ce min kuma kullum sau biyu yake janyewa ya bar fili, sau biyu ya dawo, bai taɓa makara ba. Na tsaya ina ta tasbihi har Uwani ta taɓa ni ta ce lokacin salla zai wuce.

Shugaban masu ƙidayar wani dattijo ne ɗan ƙasar, Dakta Kosi, siriri mai furfura, ba ya ɗaga murya. Da safe na fito cikin farar shaddata mai sitaci, don a san Bahaushe ya zo. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya yi wa Uwani magana a hankali. Ta zo tana sunkuyar da kai.

"Baba, wai farin zai kori tsuntsaye tun daga nesa."

Haka na shiga kwalekwale cikin tsohuwar rigar mai jirgin, mai warin kifi, ni da nake rina wa manyan mutane kaya.

Da ruwa ya janye, laka ta bayyana, sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Ƙasa ce take motsi. Tsuntsaye ne, manya da ƙanana, masu dogon baki da masu lanƙwasasshen baki, kowa ya duƙufa yana caccakar laka. Wani abu ya firgita su, suka tashi gaba ɗaya, suka juya a sama lokaci guda, duk suka yi fari, suka sake juyawa suka yi duhu, kamar ana kaɗa zane a iska. Uwani ta ce yawancinsu baƙi ne, daga ƙasashen ƙanƙara suke zuwa duk shekara, su ƙetare teku da hamada, in damina ta kusa su koma. Na dubi ɗaya da bai kai tafin hannuna ba, na tuna wahalar da na sha a Seme a kan yatsa guda. Na kuma lura da 'yata: ido a madubin hangen nesa, baki yana motsi, hannu yana rubutu, ba ta ko kallon takardar. Ban taɓa ganin ta haka ba.

Can wajen hantsi ta daina rubutu. Ta ce, "Dakta, zo ka gani."

A gefe guda, nesa da taron, a gindin wasu itatuwa masu tsayuwa a kan saiwa, akwai wani ɗan tsuntsu shi kaɗai. Baƙi ne ƙirin. Duk 'yan'uwansa ruwan ƙasa ne da farin ciki, shi kuwa daga kai har jela kamar an tsamo shi daga durom ɗina. Aka kafa babban madubi mai ƙafa uku, kowa ya leƙa, aka buɗe littafi ana ta juya shafi. Babu shi a ciki.

Uwani ta ce ta san shi. Ta ce ɗan tsuntsun nan ne da ke bin bakin rafi yana kaɗa gindi sama da ƙasa ba hutawa, in ya tashi kuma ya bi saman ruwa ƙasa-ƙasa da fiffike a sanƙare. Ta ce a dubi tafiyarsa, a bar launinsa. Baƙin kuma nasa ne, da shi aka halicce shi, akan samu haka jefi-jefi. Dakta Kosi ya ce tafiyar ta yi kama, amma irin wancan yana da farin layi a fiffike, wannan kuwa ba a ga komai ba. Ga jiragen inji suna zubar da baƙin mai a tafkin, ya sha ganin tsuntsun da ya yi wanka a ciki. In babu hujja, abin da za a rubuta shi ne: ba a tantance ba, mai ya ɓata shi. Wasu abokan aikin biyu suka yi murmushi, irin na an kama sabon shiga da zaƙewa.

A nan na yi abin kunya. Aka ce in leƙa, na leƙa sau ɗaya, na ɗago na ce da ƙarfi, "Baƙin mai ne. Ni aikina ke nan." Uwani ce ta fassara musu maganar da bakinta, kalma bayan kalma, ba ta rage komai ba. Sannan ta sunkuya ta ci gaba da rubutu. Ruwa ya fara dawowa, tsuntsun ya tashi ya shige cikin itatuwa.

Da muka koma masauki Uwani ba ta ce min komai ba. Ta kawo min ruwan alwala, ta zuba min abinci. Shirun nan ya fi min zafi da a ce ta yi magana. Na zauna a gindin kwakwa bayan la'asar ina tunani, sai na tuna mahaifina. In aka kawo masa baƙar riga aka ce ya faɗi ko rinin kirki ne, ba ya magana sai ya buɗe ninki ya duba hammata, ya jiƙa gefe ya ga yadda ruwa zai yi, ya fita da ita rana ya karkata ta. Ya taɓa dukan hannuna don na yaba wani turkuɗi daga bakin ƙofa. Yau ga ni da furfura, na yanke hukunci daga nesa, da leƙe ɗaya. Kuma na san dalili. Ba tsuntsun na duba ba, makarantar Alhaji Tanimu nake dubawa.

Na kira ta na ce, "Gobe za a koma wurin?"

"Gobe ce rana ta ƙarshe a wannan yankin, Baba. Da azahar Dakta zai rufe takarda."

"Ki ce masa ina so in sake gani."

Washegari muka tarar da shi a wurin jiya, yana ta kaɗa gindinsa. Dakta ya sa mai jirgi ya tsaya inda rana take bayanmu sosai, don haka suke yi kullum in za su ɗauki hoto. Na ce a'a. Na ce wa Uwani ta gaya masa baƙi ba a kallonsa da rana a ƙeya, sai ya zama dunƙule ɗaya ba ka ganin komai a ciki. A gefe ake sa rana. In aka kawo min tsohuwar atamfa na rina ta baƙa, mai ita zai ɗauka zanen ya tafi, amma ka karkata ta a rana za ka ga furanninta na da suna nan kwance a ƙarƙashi. Dakta ya kalli hannuwana. Sannan ya ce wa mai jirgi ya zagaya.

Zagayen ya kai mu inda jirgi ba ya wucewa, sai da muka sauka. Laka ta kama ni har gwiwa, ta karɓe takalmina na dama, har yau yana can. Aka kafa madubi, na sa ido, wannan karon ban yi sauri ba.

Abu na farko da na gani, gashin a kwance yake lumui, kowane ɗaya a wurinsa. Abin da mai ya taɓa yana cuɗewa ya yi danƙo, kuma tabo daga inda aka taɓa yake farawa, ya yi yawa a ciki da ƙirji ya ragu a baya. Wannan kuwa ko'ina daidai. Na ce a jira ya jiƙa. Muka tsaya a laka, sauro yana cin rabonsa, ruwa ya fara dawowa yana taɓa mana ƙauri. Dakta ya duba agogo sau biyu. Uwani ba ta ko motsi, tana riƙe da kyamara.

Sai tsuntsun ya taka cikin ruwa, ya tsuguna, ya yi wanka. Ya fito, ruwan ya gangaro daga bayansa ƙwaya-ƙwaya, ya bar shi a bushe. Ya girgiza. Sannan ya ɗaga fikafikansa biyu sama ya miƙe su, ya riƙe.

Har hammata baƙi ne. Babu inda aka manta, babu inda ya yi dabbare-dabbare. Rana ta bugi fiffiken daga gefe, ya yi wani ƙyalli ja-ja irin na rawani ɗan Kura da ya sha bugu. A tsakiyar ƙyallin kuma, ga layin nan, siriri, duhu a cikin duhu, kwance daidai inda Uwani ta ce farin layi yake zama. Na ji kyamara tana ta ƙarawa a gefena. Ni dai abin da na iya cewa shi ne Subhanallah. Shekaru na yi ina fama da soda da wuta da ruwan zafi don in samu baƙin da zai shiga ninki bai zuba ba, ban taɓa samu yadda nake so ba. Ga shi a jikin abin da bai kai tafin hannu ba, yana wanka da shi a ruwan gishiri. Hawaye suka zo min, ban ɓoye ba.

Dakta Kosi ya karɓi kyamara ya buɗe hoton, ya ƙara girmansa, ya daɗe yana dubawa. Ya cire hularsa. Ya ɗauko takarda ya soke abin da ya rubuta jiya, ya miƙa wa Uwani biro ya ce ta rubuta sunan tsuntsun da hannunta, ta sa sunanta a gefe. Ya ce wani abu yana nuna ni.

Na ce, "Me ya ce?"

"Wai ni na san tsuntsun, kai ka san baƙin."

Na ce, "Ki gaya masa jiya ma kin san shi. Ni ne na yi magana ban buɗe ninki ba." Ta ce ba sai ta fassara wannan ba. Na ce ta fassara, yadda ta fassara ta jiya, a gaban mutanen da suka ji ta jiya. Ta fassara.

Dawowa ba ta da labari mai yawa, sai dai na tsallaka Seme da silifas ɗin roba, kuma jami'in nan ya gane ni ya ce yana nan yana neman wanda zai kawo min kaftaninsa. A hanya Uwani ba ta tambaye ni hukuncina ba. Da na hango Dutsen Zuma na ji daɗi kamar na shekara a waje.

Kwana biyu da dawowarmu na je wurin Alhaji Tanimu. Ya ce, "Yaushe malama za ta fara?" Na ce ya ba wani gurbin, Allah ya saka da alheri, tana da aiki. Ya ce, "Aikin tsuntsu?" Na ce aikin tsuntsu. Wata mai zuwa za ta koma, kuma ba sai na raka ta ba.

Daga wurinsa ban wuce gida ba, na gangara rafin Iku, inda na yi shekaru ina ɗaurayar kaya kafin a ja mana famfo. Na zauna a kan dutse. Ba a jima ba sai ga ɗan'uwan baƙin tsuntsun nan, ruwan ƙasa da farin ciki, yana bin bakin ruwa yana kaɗa gindi. Sau nawa na watsa wa irinsa ruwa don ya matsa min, ban san daga ƙasar ƙanƙara ya zo ba. Ya tashi ƙasa-ƙasa a kan ruwa, na ga farin layin ƙarara. Na ciro waya na kira ta.

"Uwani, na ga guda ɗaya a Iku."

Ta ce, "Baba, ka tabbata shi ne?"

Na ce, "Tsaya in sake dubawa."